Furen da sai da hunturu yake yi a Bauchi

Duk mai son furen bakin dodo a garin nan, to ya sa shi a sahun kayan lambu na rani, tare da latas da karas. A jikin takardar irin za ka ga an rubuta snapdragon ko Antirrhinum majus. Asalinsa daga ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, irin su Sifaniya da kudancin Faransa, shi ya sa sanyi ne abincinsa. A can yakan wuce shekara guda a raye, amma a nan zafin Maris ke gamawa da shi, don haka kowace shekara sabon iri nake yafawa.

Ina farawa a Oktoba, da zarar ruwa ya ɗauke, saboda daga yafi zuwa fure yana cin wata 3 zuwa 4. Irin ƙanƙane ne ƙwarai, numfashinka ma na iya watsa shi daga tafin hannu. Sai in gauraya shi da ɗan yashi mai laushi, in barbaɗa a kan ƙasar da ke cikin tsohuwar roba da na huda gindinta, in danna da yatsa kawai. Kada a binne shi, sai ya ga haske yake tsirowa. Ban ruwa kuma ta ƙasa nake yi: in dasa robar cikin faranti mai ruwa har saman ƙasar ya jiƙe. Cikin kwana 10 zuwa 14 za ka ga kore. Ranar Oktoba tana da zafi har yanzu, shi ya sa robobina ke zama a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, inda ranar safe kaɗai ke samunsu. Ruwa in ya yi yawa, gindin tsiron ya ruɓe, ka wayi gari duk sun kwanta.

Bayan kamar mako 6 nake dashe, tazarar santimita 20 zuwa 25, a ƙasar da ba ta riƙe ruwa, wadda na haɗa da kashin awaki da ya ruɓe sosai. In tsiron ya kai santimita 8 zuwa 10 sai in tsinke kansa. Maƙwabciyata a nan Fadaman Mada ta taɓa ganina ina yi, ta ce, "Haba Malam, wannan ai ɓarna ce!" Wanda aka tsinke ɗin shi ke fid da rassa da yawa, wanda aka bari kuwa zangarniya ɗaya zai yi ya tsaya.

Janairu ne lokacinsa. Gari ya yi furu-furu da ƙura, shi kuwa ga ja, ga rawaya, ga fari, ga ruwan hoda. Furannin daga ƙasa suke soma buɗewa, su yi ta hawa har kan zangarniyar. In ka matse gefen fure ɗaya da yatsu biyu sai ya wangale baki, ka saki ya rufe. Jikokina ba sa gajiya da wannan, ni ma ban hana su ba. Iskar hunturu tana busar da ƙasa da wuri, don haka da safe nake ba da ruwa, a gindi kawai, saboda jiƙaƙƙen ganye shi ke jawo cutar tsatsa, mai sa wa ganye ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa. Dogayen, masu kai kusan mita guda, sai an tokare su da kara. Zangarniyar da ta gama kuma a yanke ta, wata za ta fito.

Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga mutum ya sayo shi daga Jos a Maris, yana cike da fure. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200, Bauchi kuwa kusan rabin haka. Kafin mako biyu ya yanƙwane, mai shi ya ɗauka hannunsa ne ba kyau. In za ka sayo dashe daga can, sayo ƙanana a Nuwamba, waɗanda ba su fara fid da fure ba.