Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gadin Tankunan Ruwa

Makon jiya na tsaya a inda mota ta sauke ni a Malargwe, ƙaramin gari a gindin duwatsun Andis, yammacin Ajantina. Washegari da sassafe aka fita da ni daji, wurin binciken ƙwayoyin sararin samaniya mai suna Pierre Auger.

Tankuna 1,660 ne warwatse a fili mai murabba'in kilomita 3,000, kowanne da tan 12 na tataccen ruwa, a rufe ruf. Na farkon da muka je, tsuntsu ya yi sheƙa ƙarƙashin farantin sola, ga kashin shanu ko'ina. Batir muka canza, yatsuna suka ƙage don sanyi.

Da dare na kira Inna.

"To, wa ke shan ruwan?"

Na ce baƙi muke jira. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, suna zuwa daga can sararin samaniya. Ɗaya in ta bugi iska sai ta tarwatse ta zama biliyoyi, su zubo kamar yayyafi, waɗanda suka ratsa ruwan su bar ɗan walƙiya, na'ura ta kama.

Abin da ban iya faɗa mata ba shi ne zanen da ke manne a bangon ofishinmu. Yadda ƙarfin ƙwaya ke ƙaruwa, haka yawansu ke zubewa, layin ya gangaro kamar ƙafar mutum. Har gwiwa gare shi da idon sawu, kuma sunayen da masana ke kiransu ke nan. Waɗanda ƙarfinsu bai kai gwiwa ba, ana jingina su ga ragowar taurarin da suka fashe a garken taurarinmu, wato tarin taurarin da ranarmu ke cikinsu. Na bayan idon sawu su ne ciwon kai, don maganaɗisun sarari yana karkatar da su, sawunsu ya ɓace. Sai a 2017 tankunan nan suka nuna sun fi zuwa daga wani gefen sama, nesa da tsakiyar garkenmu. Daga waje suke.

Mafiya ƙarfi, irin wadda aka kama a Yuta ta Amurka a 1991 mai ƙarfin jifa da dutse, murabba'in kilomita guda kan yi shekara 100 bai ga ɗaya ba. Wannan kam na faɗa mata.

Ta yi shiru. "Shekara ɗari? Allah ya ba da haƙuri. Ka dai ci abinci?"

Ban ci ba. Mako mai zuwa, yadda na sha wuyar neman naman halal.