Wasiƙa daga Hambug: awara cikin burodi, da waƙa kafin ƙarfe goma

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena na Tawa. Muna nan lafiya, sai sanyi. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, tambayoyinku ne suka taru: masu son jin ko da gaske babbar ɗiyata ta daina cin nama, masu tambayar kayan waƙar da suka gani a falonmu cikin bidiyon sallah, da masu neman bayanin takardun zama.

Da gaske ne, ta daina. Ba nama kaɗai ba, har ƙwai, nono, man shanu, cuku da zuma. Irinta suna da yawa cikin matasan Jamus, har kayan abincinsu akwai tambarin da ake bugawa a jikin fakiti, an rubuta vegan. Abin da na fara tambayarta shi ne ko tana ganin naman haramun ne. Ta ce, "A'a Inna, abin da Allah ya halatta ban isa in haramta shi ba. Yadda ake cunkushe kaji da shanu a manyan gidajen kiwo na nan ne zuciyata ba ta ɗauka." Hankalina ya kwanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ta koma cin abinci ita kaɗai a ɗaki, don haka na nemi karin kumallon da zai haɗa mu duka a faranti ɗaya.

Ashe yana hannunmu tun tuni. Awara ce, ta waken suya, wadda 'yan mata ke soyawa a bakin hanya da yamma. Nan ɗanya ake sayar da ita, fara, da ruwa a jikinta. Sai a naɗe ta da tsumma mai tsabta, a ɗora tukunya mai nauyi a kai kamar minti 20 ruwan ya fita, in ba haka ba ba za ta soyu ba, fashewa za ta yi cikin mai. A yanka ta da kaurin ɗan yatsa, a shafa kurkum da yaji, a soya cikin man gyaɗa kaɗan, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Akwai wani gishiri na Indiya, kala namak, mai ƙanshin dafaffen ƙwai saboda sinadarin farar wuta da ke cikinsa. In an sauke ake barbaɗa shi, don zafi yana kashe ƙanshin. Mayonis da ƙwai ake yin ta, shi ya sa nake dama dakakken ƙuli-ƙuli da lemun tsami da ɗan mai in shafa wa burodin. Sai tumatir, sai albasa soyayya. Albasar nan ba ta kama ƙafar ta Galmi ba, ku da kuke da ita ku sa ta ɗanya ma. Burodinku na baget, mai fulawa da ruwa da gishiri da yis, ya fi dacewa. Na nan sai na karanta takardar jiki, don wani akwai madara.

Duk mai shayin da ya ajiye awara kusa da ƙwansa, ina jin zai samu masu saye, ko don sauƙin kuɗi. Amma wanda zai bar abincin dabba gaba ɗaya dole ya riƙa shan ƙwayar bitamin B12, don tsirrai ba sa ba da shi, kuma rashinsa yana taɓa jini da jijiyoyi. Ɗiyata tana sha, wannan ba na wasa da shi.

Kayan waƙa kuma, karawoke ne, wanda ya yaɗu daga Japan wajen 1971: kiɗa yana tashi babu muryar mawaƙi, baitoci suna bi a fuskar tele, kai ne mai rerawa. Ba don ƙawa na saya ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa nan wajen ƙarfe 4 na yamma, yara suna kulle a gida, kuma na lura ƙaramin yana amsa mini da Jamusanci ko da Hausa na yi masa magana. Da waƙa ya fara karanta Hausa, yana bin baiti da ido yana gyara bakinsa.

Haɗin ba wuya. Tele tana nuna baitoci daga YouTube. Sautinta ya bi waya zuwa ƙaramar miksa, wato na'urar da ke haɗa kiɗa da murya, makirufo biyu su ma su shiga miksar, daga nan komai ya fita zuwa lasifika. Sababbin tele da yawa mafitar sauti ta haske kawai gare su, sai an sa ɗan akwatin da ke juya shi zuwa waya mai kai ja da fari. Kada muryar ta bi ta Bluetooth ko ta cikin tele, don tana makara kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, mai waƙa ya ji kansa yana biye da kansa har ya rikice. Lasifika ta tsaya gaban mai waƙa tana ba shi baya. In makirufo ya fuskance ta, kukan nan mai huda kunne zai tashi. Amsa-kuwwar miksa a sa kaɗan, in ta yi yawa sai ka ji mutum kamar mai magana cikin rijiya. Lasifika ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa. Wutarmu da taku kusan ɗaya ce, volt 230 nan, 220 can, kan fulogi ma yana shiga, amma ku haɗa da na'urar daidaita wuta, ku rufe miksa da zane saboda ƙurar hunturu.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne dokar shiru. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, sautin gidanka bai kamata ya wuce bangonka ba. Ranar Lahadi da ranakun hutu, yini guda ne: ba a huda bango da inji, ba a yanke ciyawa da inji, ko kwalabe ba a jefawa cikin akwatin tara su. Wasu gidajen haya sun ƙara da hutun rana, daga ƙarfe 1 zuwa 3, kuma duk yana rubuce cikin ƙa'idar gida da ka sa wa hannu ranar karɓar makulli. Maƙwabcin da ka dama sau da yawa ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Takarda zai ɗauka ya riƙa rubuta rana da sa'a, ya aika wa mai gida, mai gida ya aiko maka da gargaɗi a rubuce, in abin ya maimaitu har haya tana iya mutuwa. Mutumin da kuke gaisawa a matakala ke nan! Wannan ne ya fi yi mini zafi, a ce ka ɓata wa mutum rai tsawon makonni kai ba ka sani ba. Mu da muka tashi inda kalangu ke kwana a gidan biki, maƙwabta su fito da tabarminsu su taya murna, wannan shirun yana da nauyi a ƙirji. Akwai ɗakunan karawoke da ake haya da awa a cikin gari, masu bango mai riƙe sauti, amma ni cikin ɗakina nake son yarana su yi waƙa, kusa da tukunyata.

Na shimfiɗa darduma mai kauri ƙarƙashin lasifika, na janye ta daga bangon da muka haɗa da maƙwabta, muna yi Asabar bayan la'asar. Na kuma bi su ƙofa ƙofa da farantin sanwic ɗin awara na gaya musu lokacinmu. Wata tsohuwa da ke ƙasanmu ta ce mijinta ba shi da lafiya, da wuri yake barci. Tun daga ranar nake tunanin tsofaffin unguwarmu da masu jinya idan samari suka kafa manyan lasifiku a fada har asuba. Ba na so ku koyi rubuta wa juna takarda, amma mai shirin biki ya leƙa gidan da ke da majinyaci ya yi sallama tukuna.

Batun takardu sai wata wasiƙar, yana da tsawo. A yanzu dai duk takardar haihuwa ko ta makaranta ku adana ta asali, kada ta yage. Ni ma ina da roƙo. Waƙoƙinmu masu kiɗa zalla da baitoci a rubuce sun yi ƙaranci ƙwarai a intanet, na Faransanci da Larabci kuwa ba iyaka. Samarin da ke da situdiyo a Yamai da Tawa, ku nemi izinin masu waƙa ku fitar mana da irinsu. Ƙannena mata kuma, ku zauna da su Gwaggo ku rubuto mini waƙoƙin gaɗa da na daka, baiti baiti, ku haɗo da muryarsu don in ji karin. A gaida mutanen gida duka.