Inji a ƙafar foyil, ranar da iska ta yi rauni a Dahab

Laraba, watan Disamba.

Iskar arewa da ke gangarowa ta mashigin Aƙaba ta yi ɗan ƙarfi da sassafe, amma ba ta daɗe ba ta fara janyewa. Kafin azahar ma'aunin iska na bakin ruwa yana nuna kilomita 13 a awa, wani lokaci ya leƙa 16 ya dawo. Irin wannan iskar ce ake haɗa injin taimako dominta, saboda haka yau muka fito da allon gwaji a nan Dahab, gaɓar Sinai ta Masar. Allo ne mai zanen iska da foyil, wato fiffiken da ke ƙarƙashin ruwa a kan doguwar ƙafa, wanda ke ɗaga allon sama da ruwa in ya yi gudu. A jikin ƙafar muka ɗaura injin lantarki don ya taimaka wajen tashi.

Matsalar iska mai rauni duk a wurin tashi take. Ni da allo da zanen iska da foyil da kayan lantarki mun kai kilo 109. Fiffiken gaba da na ɗaura faɗinsa murabba'in santimita 1,100 ne, kuma a lissafina ba zai ɗaga wannan nauyin ba sai allo ya kai gudun kilomita 16 zuwa 17 a awa. Kafin a kai nan kuwa allon yana kwance a ruwa yana ture shi da ƙirjinsa, kuma dab da tashi turjiyar takan kai kilo 16 zuwa 20. Zane mai murabba'in mita 7.5 a iskar kilomita 13, in kana tsaye, abin da zai ja ka da shi bai wuce kilo 7 ba. Giɓin ke nan. Matasan da suka yi tseren iQFOiL, na allon zanen iska mai foyil, a gasar Olamfik ta 2024 a Marsel ta Faransa suna cike shi da ƙarfin damtse, suna fizgar zane mai murabba'in mita 8 zuwa 9 har allo ya tashi, kuma duk da haka sai da rashin iska ya sa aka riƙa ɗage musu tsere. Mai shekara hamsin da ciwon kafaɗa ba zai yi wannan fizgar sau da yawa a yini ba.

Da zarar allo ya rabu da ruwa, lissafi ya juye. Turjiya ta faɗo zuwa wajen kilo 9. Gudunka kuma ya haifar da tasa iskar: in kana kilomita 22 a awa, iskar gaske ta kilomita 13 tana zuwa daga gefe, wadda zane yake ji ta kai kusan 26. Iska in ta ninka biyu, ƙarfinta a kan zane ya ninka huɗu, wato wajen kilo 28, kuma kamar kilo 10 daga ciki gaba yake tura ka. Goma ta rinjayi tara, sai ka zauna a sama. Aikin inji a nan daidai yake da na masu tura mota mai mataccen batir: su tura ta kama, su koma gefe. Wanda ya fahimci wannan ba zai sayi babban batir ba, ba zai kuma ɗaura inji a ƙasan ƙafar foyil ba.

Da safe aikin kan benci muka yi. Injin irin mara burushi ne da ake kira 6384, kaurinsa milimita 63, tsawonsa 84, an shafe wayoyin cikinsa da ƙaro don ruwa ya ratsa shi ya sanyaya shi ba tare da ɓarna ba. Yana juyi 120 a minti ga kowane volt. Batirin ƙwayoyin Molicel P42A ne guda 36, jeri 12, kowane jeri uku-uku. Cike yana ba da volt 50.4, a tsaka-tsaki 43.2, kuma yana ɗauke da wat-awa 544. Ƙwayoyin kaɗai sun kai kilo biyu da rabi. A nan ƙasar aka haɗa shi, domin kamfanonin jiragen sama ba sa barin fasinja ya hau da batirin da ya wuce wat-awa 160, shi ma sai da izini in ya haura 100. Kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da batir ke ba inji, irin ta VESC ce, farfela kuma mai naɗewa, wadda juyi ke buɗe fukafukanta, in inji ya tsaya ruwa ya kwantar da su baya.

Kamfanin Foil Drive na Ostireliya ne ya yaɗa wannan tsarin na ɗaura inji a jikin ƙafar foyil, kuma nasu akwatin na baya-bayan nan yana shiga ne tsakanin allo da ƙafa mai faranti. Allunan zanen iska galibi ba su da wannan farantin. Kan ƙafar yana shigewa ne cikin rami mai zurfi irin na Tuttle, a ɗaure shi daga sama da kusoshi biyu. Don haka akwatinmu a saman allo yake zama, a wutsiya, tsakanin maɗauran ƙafa na baya, wayoyi uku su zagayo ta bayan allo su bi gefen baya na ƙafar foyil su sauka wurin inji. Batir da kwantirola dole su kasance akwati ɗaya. In za a ƙara tsawon waya, a ƙara ta ɓangaren inji. Doguwar waya tsakanin batir da kwantirola tana haifar da tsallen wuta duk sanda kwantirola ta yanke ta mayar, shi ne ke cinye kafasito, ƙananan ma'ajiyar wuta da ke cikin kwantirola, har wata rana ka ji ƙauri. Kilo huɗun da akwatin ya ƙara a wutsiya yana ɗaga hancin allo, sai na matsa gindin sandar zane gaba da santimita 2.

Inda muka fi daɗewa shi ne tsayin da za a ɗaura injin. Ƙafar foyil ɗin santimita 95 ce. Abokin aikina, wani Bamisire da ya ƙware a haɗa batir, yana son a sauke shi zuwa santimita 35 ƙasa da allo, don farfela ta daɗe tana cizon ruwa. Hujjarsa tana da ƙarfi: in inji ya yi sama da yawa, ƙaramar igiyar ruwa ma za ta sa farfela ta shaƙi iska, ta yi ƙara ta rasa ƙarfi tun fiffike bai ɗauki nauyi ba. Amma a santimita 35 injin zai riƙa taɓa ruwa duk lokacin da allo ya ɗan sauko, kuma mun riga mun ga cewa rarar da muke da ita a sama kilo ɗaya ce tak. Gwangwani mai kaurin milimita 63 yana jan ruwa a gudun kilomita 22 zai cinye ta har da ƙari. Muka tsaya a santimita 22, tunda ruwan yau kwance yake. An sa roba tsakanin maƙalar injin da jikin ƙafar don kada ta ci kabon da aka yi ƙafar da shi, an daidaita injin ya kalli inda gangar foyil ta kalla, kusoshi kuma an shafa musu man hana tsatsa na Tef-Gel. Bakin ƙarfe da alminiyam da kabon in suka haɗu a ruwan gishiri, alminiyam ne ke biyan kuɗin, kuma Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri: giram 40 a lita, inda matsakaicin tekunan duniya yake 35.

A kwantirola na ƙayyade wutar batir a amfiya 80, wato kilowat uku da rabi in an matse gaba ɗaya. Na sa ta fara rage ƙarfi in batir ya sauko volt 39.6, ta yanke a 36. Abu biyu ne masu haɗa irin wannan suke yawan tsallakewa. Na farko iyakar juyi: farfela in ta fito daga ruwa babu abin da ke riƙe ta, inji zai zabura ya haura juyi 5,000 a minti, in ta sake faɗawa ruwa a haka fil ɗin fukafukan ne ke karyewa. Na biyu, a sa wuta ta riƙa hawa a hankali cikin daƙiƙa ɗaya, kada ta zo gaba ɗaya, domin inji yana ƙasa da allo, turawarsa tana ɗaga hanci, wanda bai shirya ba sai ya tsinci kansa a ruwa ta baya.

Rimot ya tafi kan mariƙin zane, kusa da hannun gaba, yadda ɗan yatsa zai kai ga kunamar ba tare da an saki mariƙi ba. Hannun baya shi ke ja da sassauta zane, ba shi da lokacin wani aiki. Siginar rimot ta gigahaz 2.4 ba ta ratsa ruwa, kabon ma yana tare ta, shi ya sa eriya take manne a ƙarƙashin murfin roba, a sama. An kuma saita kwantirola ta kashe inji in sigina ta ɓace rabin daƙiƙa. Kafin a rufe akwatin na duba zoben robar murfin. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kansa ta isa ta shigo da ruwa.

Bayan azahar muka shiga. Sai an tura allo a kife an wuce wurin da ba shi da zurfi, domin ƙafar santimita 95 ba ta shiri da dutsen murjani. Batir a kashe yake har sai an hau, an ɗaga zane, an tabbatar igiyar ɗagawa ba ta lilo a ruwa.

Tsarin tashin da ya fi aiki yau shi ne a sa iska a gefe sosai, ƙafar gaba a cikin maɗauri, a matsa kunama rabi har allo ya fara gudu, sannan a ƙarasa. Yayin da gudu ke ƙaruwa, iskar da zane ke ji tana komawa ta gaba, don haka hannun baya yana jawo zane ciki a hankali. Wanda ya bar zane a buɗe, iska za ta buge shi ta bayan zanen ta ture shi daga kan allo, ga inji yana ci gaba da turawa. Wanda kuma ya karkata ya bi bayan iska da yawa, kamar yadda ake yi a iska mai ƙarfi, zai tarar zanen ya zama fanko a hannunsa, domin ya kamo iskar ya wuce ta. Cikin daƙiƙa takwas zuwa goma allo yake sakin ruwa. Ana jin ƙarar ruwan da ke dukan ƙasan allo ta ɗauke, ƙarar inji kuma ta canza, alamar farfela ta kusa fitowa.

Wannan daƙiƙar ita ce mai wuya. Turawar da ke riƙe hanci a sama tana gushewa lokaci ɗaya, nauyin zane kuma yana danna gaba, sai hanci ya sunkuya. Maganinsa a fara sakin kunama tun kafin farfela ta fito, a ɗan mayar da nauyi ƙafar baya, a fizgi zane sau biyu ko uku don ya karɓi aikin. Kada a yi gaggawar hawa sama. A bar allo ƙasa-ƙasa har gudu ya wuce kilomita 20, domin fiffiken da aka tilasta wa hawa da ƙaramin gudu sakin ruwa yake yi ya faɗo.

A iskar kilomita 13 zuwa 16 allon ya zauna a sama da zane kaɗai, doguwar tafiya, duwatsun Saudiyya suna tsallaken ruwa. Juyawa ta bayan iska ce ba ta yiwuwa cikin tsabta. A tsakiyar kwana gudunka ya fi na iska, zane ya dawo maka a fuska, yawanci sai an sauko. A da nan wasan yake ƙarewa, a tsaya jiran bugun iska. Yau ana juya zane, a matsa kunama, a koma sama.

Wajen la'asar iska ta faɗo kilomita 9, nan kuma aka ga iyakar abin. Inji yana tayar da allo kamar da, amma ana sakin kunama gudu ya fara zubewa, cikin 'yan daƙiƙu an dawo ruwa. Dalili a fili yake. Iskar da zane ke ji ba ta ragu sosai ba, tana wajen 24, amma yanzu kusan daga gaba take zuwa, kusurwarta ta matse daga digiri 30 zuwa 22, abin da ke tura ka gaba ya koma kamar kilo 5. Biyar ba ta ɗaukar tara. Wanda yake son yawo a irin wannan iskar ya sauke inji ƙasa ya ajiye zane a gida, domin allon lantarki yake nema, zane kaya ne kawai a hannunsa.

Ma'aunin akwatin ya nuna kowane tashi yana cin wat-awa 8 zuwa 9. In aka bar kashi 20 cikin ɗari a batir, wannan ya isa tashi kusan hamsin. Abin da ke shanye wuta shi ne komawa gida da inji in iska ta mutu: wat 400 na rabin awa wat-awa 200 ne, fiye da sulusin batirin. A Dahab iska tana tura mutum ne daga gaɓa zuwa cikin teku, saboda haka da batir ya kai rabi sai a juyo. Kwantirola ba ta wuce digiri 60 ba, farantin alminiyam da ke ƙarƙashinta ya yi aikinsa, amma baƙin akwati a ranar Sinai ta watan Yuli wani zance ne, za a yi masa farin fenti kafin lokacin.

Wani Bajamushe da ya tsaya kallo ya tambaya ko zai iya kai irinsa tafkin Garda na Italiya. Na ce ya fara tambayar hukuma, domin a arewacin tafkin, ɓangaren Tirentino, an hana jiragen inji masu zaman kansu, kuma allo in ya sami farfela ƙasashe da yawa ba sa ƙara kallonsa a matsayin allon iska.

Kafin magariba an cire batir, an wanke inji da ruwan daɗi ana juya shi da hannu don gishiri ya fita daga boris, an fesa masa mai. Boris ne ke fara mutuwa a irin wannan injin, alamarsa ƙara kamar yashi in an juya. Cikin akwatin a bushe yake. Batirin ya dawo da volt 3.7 a kowace ƙwaya, daidai yadda ake ajiye shi, sai da safe za a yi caji a waje, a kan siminti, da mutum a kusa. Hasashen gobe ya nuna iska za ta ɗan ƙaru da igiyar ruwa, don haka za mu sauke injin zuwa santimita 26 mu ga ko farfela za ta daina shaƙar iska ba tare da ta riƙa taɓa ruwa a sama ba.