Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren Fitowa Daga Masar

A makon jiya na tsaya a inda na samu ɗakin haya a Prestwich, unguwar da Yahudawa suka yi yawa a arewacin Manchester. Tsohuwar da ta ba ni ɗakin, Mama nake ce mata, ita ta gayyace ni cin abincin daren farko na Idin Ƙetarewa, bikin tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar, wanda Yahudawa suke kira Pesach, daren 15 ga watansu na Nisan. Ta san ba na shan giya, sai ta tanadar mini lemon inabi.

Kowa da ɗan littafi a gabansa, Haggada, littafin labari da addu'o'in da ake karantawa a daren. Autan jikokinta ne ya tambaya: me ya bambanta daren nan da sauran darare? Babban ɗanta ya amsa, "Bayin Fir'auna muke a Masar." Da bakinsa ya sa kansa cikin bayin, domin tun wajen shekara ta 200 miladiyya malamansu suka rubuta cewa a kowane zamani mutum ya ɗauki kansa tamkar shi ne ya fito daga Masar. Labarin har a harshe ake jin sa. Mun tsoma ganye a ruwan gishiri saboda hawayen bayi, mun tauna wata saiwa mai yaji da ta hau mini hanci, mun ci busasshiyar gurasar da ba ta kumbura ba, irin ta mai gudu da bai jira ƙulli ya tashi ba.

Ni da na taso da ƙissar Annabi Musa tun a makarantar allo, sai na kasa kunne ina jiran sunansa. An lissafa annoba goma da suka auka wa Masar, ana ɗiga ruwan inabi a faranti kan kowace, shiru.

"Mama, ina Annabi Musa?"

"Duba nan, ɗana." Ta ɗora yatsa kan layin da ke cewa ba mala'ika ba ne, ba ɗan aike ba, Ubangiji da kansa ne ya fitar da su. A littafin kusan ba a ambaci Musa ba, don kada a jingina ceto ga mutum. Wannan ya ratsa ni ƙwarai, domin tauhidi ne na gane shi ba tare da an yi mini bayani ba.

Can wajen ƙarshe aka cika wa Annabi Iliya kofi, yaran suka ruga suka buɗe masa ƙofa. A wurin Yahudawa shi zai zo da bisharar ceton da bai kammala ba tukuna.

Mako mai zuwa zan kawo muku yadda muka yi da ɗanta a kan azumin Ashura.