Raƙumi uku, jirgi ɗaya

Makon jiya tankarmu ta kwana huɗu a hanya, direba sai waya yake yi yana ba da haƙuri, ni kuma ina tsaye a gidan mai, layin motoci ya kai bakin titi, kowa na harara ta kamar ni na shanye fetur ɗin. Da dare ina ƙorafi a gida sai Hajiya ta ce, "Kai da kakanka ya jira mai a bayan raƙumi, kwana huɗu ne zai ɗaga maka hankali?" Ta yi dariyarta ta shige ɗaki. Ni kuwa ta tayar mini da tsohon zance.

Kakan nawa, Allah ya jiƙansa, ya bar ƙasar Kano da ƙafa yana saurayi, da niyyar Makka, kamar yadda mutanen da suke yi. Ta Yarwa, ta Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, ta Abeshe. Guzuri ya ƙare masa a Junaina, garin Masalit da ke bakin iyakar Sudan da Chadi. Takari dai ba ya zaman banza, duk inda ya sami aiki sai ya tsaya ya tara na gaba. Aikin da ya samu shi ne na filin jirgin Turawa, ana tsakiyar yaƙin Hitila.

Muna yara mun ɗauka tatsuniya ce. Me zai kai jirgin yaƙi wannan dajin? Sai da na girma na gane. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Faransa ta faɗi, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga kuma sojojinta a Masar suna kukan rashin jiragen sama. Zagayawa ta ƙasan Afirka wata da watanni ne. Sai suka riƙa kawo jiragen a cikin akwatunan katako zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Junaina, Fashir, Kartum, har Alkahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta nan. Da gwamnan Chadi Félix Éboué bai juya wa gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai bin Jamus, baya ya bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, a watan Agustan 1940 ba, da hanyar ta tsinke a tsakiya, domin Nijar tana hannun 'yan Vichy a lokacin.

Shi tsoho bai san ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Abin da ya sani shi ne ƙaya. Ya ce da gatari da diga suka faro: a sare ƙaya, a tone kututture har saiwa, a rushe suri a cike ramin da duwatsu, don in ka bar gidan gara a ƙarƙashi, wata rana ƙafar jirgi ce za ta gano maka shi. Sannan a yi ta jidar tsakuwa a kwando a ka, a baza, a yayyafa ruwa, a daddaɓe. "Daɓe ne kawai," in ji shi, "irin wanda kakarka take yi a tsakar gida, sai dai wannan in ka tsaya a farkonsa, mutumin da ke ƙarshe kamar ɗan tsako." Gefe da gefe a jera duwatsu a shafa musu farar ƙasa. Akwai wani dogon ƙyalle a bisa sanda mai nuna inda iska ta dosa, su leburori suna ce masa wandon Bature. Kuma kafin ayari ya iso, aikin yara ne su kori awaki da jakuna, don akuya ba ta san ana yaƙin duniya ba.

Yakan kwatanta mana isowarsu da hannu: babba ɗaya a gaba, ƙanana biyar ko shida a baya, kamar kaza da 'ya'yanta. Gaskiyarsa ne. Babban shi ne Blenheim mai inji biyu, a cikinsa mai duba taswira yake, ƙananan kuma Hurricane ne masu kujera ɗaya, waɗanda in suka ɓace wa jagora sun shiga uku. Har farin fenti ake shafa musu a baya, don in ɗaya ya faɗi a daji a iya hango shi daga sama.

To, wurin da ni labarin ya fi kama ni shi ne mai, tunda sana'ata ke nan. Kano tana da jirgin ƙasa tun 1911, nata da sauƙi. Maiduguri sai 1964 dogo ya kai mata, don haka a mota ake kai mata. Junaina kuwa, tashar jirgin ƙasa mafi kusa da ita ta ɓangaren Sudan ita ce Ubayyid, tsakaninsu ya haura kilomita 800 na yashi, in damina ta faɗi kuma kwaruruka su cika, mota ta kafe. Nan raƙumi ya shigo. A garwa ake zuba man, garwar nan dai mai galan huɗu da muka taso muka ga 'yan ga-ruwa na rataye da ita. Tsoho ya ce takwas ake ɗora wa raƙumi, huɗu kowane gefe. Na zauna na buga lissafi: tankunan cikin Hurricane sun ɗan haura galan 90, wato garwa ashirin da 'yan kai. Raƙumi uku ke nan su yi makonni suna taku don jirgi ɗaya ya sha ya yi tafiyar 'yan sa'o'i. Wannan ma in garwar ta iso lafiya, alhali ƙarfenta falle ɗaya ne, rana ta buga ta, kaya ya goga ta, ɗinkin ya buɗe. Ya ce tun kafin ka hango ayarin za ka ji warinsa, kuma in an sauke, wata ka ɗaga ta da yatsa biyu.

Ni da nake rigima da direba a kan lita hamsin da ta yi ƙafa, na rasa yadda mai ajiyar wancan filin yake rufe littafinsa.

Zubawar ma aiki ce. A huda garwa, a miƙa wa wanda ke kan fiffike, a tsiyaya ta mazurari da aka shimfiɗa wa wata fata mai laushi don ta tare ruwa da yashi. Ɗaya bayan ɗaya, cikin rana, ƙarfen jirgi na ƙona tafin ƙafa. Wanda aka kama da taba ko ƙyastu a kusa, ranar ya bar aiki. Tsoron ba na banza ba ne: a Janairun 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a filin Fort Lamy, ya ƙone man da aka sha wuyar tarawa. Bayan nan, in ji shi, aka sa su haƙa ramuka nesa da juna, aka rarraba garewanin.

Daga baya Amurkawa suka zo, mutanen kamfanin Pan American, a ƙarshen 1941, da manyan jirage da injin kankara da abincin gwangwani. Ya fi yabonsu da kyauta, ya fi yabon Ingilishi da biya a kan lokaci. Da aka kori Jamus da Italiya daga Arewacin Afirka a 1943, ƙananan jiragen suka yi ta raguwa, aka fara sallamar leburori kashi-kashi. Ya ɗaure kuɗinsa a ɗamara ya yi gabas.

Abu ɗaya ya ɗauka daga filin, garwa guda wadda babu kowa a cikinta. Da ita ya ɗebi ruwa har bakin Bahar Maliya, da ita ya dawo Kano bayan shekara tara da fita. Na tashi na same ta a ɗakin kakata, an yanke bakinta, an sa mata marfin faifai, ana zuba gero. In na taɓa ta sai ya daka mini tsawar wasa: "Kai, ɗan nema, sauke hannunka, wannan ta girmi ubanka." Na tambayi Hajiya inda take yanzu. Ta ce tun shekarar da aka yi rufin kwano wani yaro ya ba 'yan gwangwan ita, aka ba shi alewa.