Jan ƙaramar mota a bayan motar tafi-da-gidanka

A Amurka, duk wanda ya daɗe yana yawo da motar tafi-da-gidanka, wato babbar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ƙarshenta sai ya nemi ƙaramar motar da zai riƙa ja a baya. Ka isa masauki, ka jona ruwa da lantarki, ka daidaita motar a kan jak, sannan a ce babu burodi. Ba mai kwance duk wannan don zuwa kanti. Ni Jeep Wrangler mai ƙofa huɗu nake ja, babbar motar kuma a kan Ford E-450 aka gina ta.

Abin da ya kamata mai farawa ya sani tun kafin ya sayi ko da noti ɗaya shi ne, daga kujerar direba ba a jin motar da ke baya. Babbar motar ta ninka ta nauyi har sau uku, ga ƙarar inji, ga tsawo. Tayar ƙaramar ta fashe, ba za ka ji ba. Birkin hannunta na ɗaure, injin zai ja ta a haka tayoyi na hayaƙi. A madubin gefe ma ba ta fitowa sai a kwana. Saboda haka kusan duk aikin a tsaye ake yin sa, kafin a tashi.

Hanyoyin ja uku ne. Akwai ɗora motar gaba ɗaya a kan tirela, wanda kowace irin mota ta yarda da shi, amma tirelar kanta nauyi ce, kuma a masauki sai ka nemi inda za ka ajiye ta. Akwai ƙaramin amalanke mai taya biyu da ake ɗora tayoyin gaba a kai; ya dace da motocin da ke ja da gaba, sai dai ɗaure tayoyi da bel a durƙushe aiki ne, kuma bel ɗin yakan saki bayan ɗan tafiya, dole a tsaya a ƙara ɗaurewa. Ta uku ita nake yi: tayoyi huɗu a ƙasa, a haɗa motocin da ƙarfen janwe. Ta fi sauƙin haɗawa da kwancewa, amma ba kowace mota ta yarda ba.

Matsalar a giyabos take. A yawancin motoci masu otomatik, inji ne ke juya famfon da ke watsa man giya. In injin a kashe yake, tayoyi kuma suna gudu, ƙarafan cikin giyabos za su yi ta juyawa ba mai, su yi zafi har su cinye juna. Sa giya a firi ba ya hana wannan. Wanda zai gaya maka gaskiya shi ne littafin da kamfani ya bayar da motar, na wannan shekarar da wannan injin, a sashen da ya yi bayanin ja a bayan motar tafi-da-gidanka. Kada maganar mai sayar da mota ta ishe ka. Honda CR-V misali ce mai kyau: har zuwa ƙirar 2014 ana jan ta, daga 2015 da aka sauya mata giyabos zuwa wani nau'i da ake kira CVT sai aka hana. Su ma tsofaffin da sharaɗi: a kunna inji, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, a dawo N (firi) daga D (gaba), ba daga R (ribas) ba, a bar injin ya yi minti 3, a maimaita duk bayan awa 8 na tafiya, kuma kada a wuce mil 65 a awa. Wanda ya shiga N daga ribas ya ja ta, ya shirya kuɗin sabon giyabos.

Wrangler ta yi farin jini a wannan harka saboda tana da giyar fowil, wato mai raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu, da ake iya sawa a firi, ta raba tayoyi da giyabos baki ɗaya. Yadda nake yi: in tsaya a wuri mai shimfiɗa, in taka birki, in sa giya a N, in tura sandar fowil zuwa N. Sai in gwada, inji na aiki: in sa ribas, in ɗaga ƙafa daga birki na daƙiƙa 5, in ga motar ba ta motsa ba, in yi haka a D. Daga nan in kashe inji, sannan in sa P (fakin). Kashe injin ne farko; sa P inji na aiki alhali fowil na firi yana iya lalata giyabos. Gwajin nan na daƙiƙa 5 ba a tsallake shi, domin sandar fowil takan yi kamar ta shiga alhali ba ta zauna ba. Motar da sitiyarinta ke kullewa kuwa, dole a bar makulli a inda sitiyari zai saki, in ba haka ba a kwanar farko za a ja tayoyin gaba a karkace.

Sai lissafin nauyi, inda masu sayarwa suka fi yin shiru. Akwai lamba da ake kira GCWR, wato iyakar nauyin babbar motar da abin da take ja a haɗe. A E-450 laba 22,000 ce, iyakar nauyin motar ita kaɗai da kayanta kuma, wadda ake rubutawa GVWR, 14,500 ce. Kenan akwai sararin laba 7,500. Amma maƙalin baya, wato inda ake maƙala ƙarfen janwe, da aka sa wa yawancin irin waɗannan motoci na laba 5,000 ne, kimanin kilo 2,270, kuma ƙaramar lamba ita ke da hukunci. Wrangler mai ƙofa huɗu ta haura laba 4,000 tun tana wayam. A sa mata manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe, a loda mata kujeru da tukunyar gas, sai ta doshi iyaka. Akwai kuma inda abin ke juyewa. Wasu manyan motocin da ke kan Ford F-53 suna da GVWR 22,000 da GCWR 26,000. In an cika su da kaya, laba 4,000 kaɗai ta rage, ko da an rubuta 5,000 a jikin maƙalin. Ni ba na ƙiyasi. Ina cika tankin mai da na ruwa, kowa ya shiga, in hau sikelin CAT Scale da ke gidajen man manyan motoci, in auna babbar daban, ƙaramar daban. Ruwa kaɗai galan ɗaya ya fi laba 8, tankin galan 40 ya haura laba 330.

Kayan haɗin guda biyar ne, kuma sun kai dala dubu kaɗan in an haɗa da kuɗin aiki. Na farko ƙarfen da ake ɗaurawa a cesis ɗin ƙaramar motar, mai kunnuwa biyu da ke leƙowa ta gaba. Kowace ƙirar mota da nata, kuma sau da yawa sai an cire bamba kafin a sa shi. Notocinsa a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, daidai lambar da takardarsa ta faɗa, a shafa musu jan Loctite, wato gam mai hana noti kwancewa, kuma a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Girgizar hanya na kwance su a hankali, in ramin noti ya faɗaɗa sai ƙarfen ya fara tsagewa daga nan. Na biyu ƙarfen janwen kansa, mai hannu biyu da ke miƙewa su kulle. Kamfanonin Blue Ox da Roadmaster da Demco su ne sanannu. A sayi wanda ƙarfinsa ya ɗara nauyin motar sosai.

Ƙarfen janwe yana son ya kwanta a miƙe. Bambancin tsayi tsakanin maƙalin babbar motar da kunnuwan ƙaramar kada ya wuce inci 3, sama ko ƙasa. A auna da tef a fili mai shimfiɗa, motocin na ɗauke da kayansu. In ya wuce, akwai maƙalin da ke ɗagawa ko saukewa. Dalilin shi ne, idan aka taka birki da ƙarfi ƙarfen na karkace, ƙaramar motar za ta nemi hawa bayan babbar ko ta kutsa ƙarƙashinta, hannuwan su lanƙwashe.

Na uku igiyoyin ƙarfe biyu na ko-ta-kwana. Ana gicciya su a ƙarƙashin ƙarfen janwe, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don in ƙarfen ya saki su tallafe shi kada ya soki kwalta. A bar musu sakin da zai ishi kwana, amma kada su ja ƙasa.

Na huɗu birki, kuma a nan ne ba na sassauci. Jihohin Amurka kowace da dokarta, da yawa sun sa iyaka a laba 3,000, wasu ƙasa da haka, kuma za ka ji mutane na gardama a kan ko dokar tirela ta shafi mota. Gardamar ba ta dame ni ba. Birkin babbar motar an yi shi ne don nauyinta, yanzu kuma ga tan biyu na turo ta daga baya. Akwai akwatin da ake ajiyewa gaban kujerar direba, mai hannu da ke taka feda, irin Blue Ox Patriot. Ana iya mayar da shi wata mota, amma kullum sai an sa an cire. Akwai wanda ake dasawa dindindin, irin InvisiBrake na Roadmaster, ko Air Force One na Demco ga manyan motocin dizal masu birkin iska. Na dindindin na zaɓa, don abin da ba sai an tuna da shi ba ya fi aminci. Ko wanne ne, a gwada saitinsa a filin da ba kowa. In ya yi tsauri, ƙaramar motar ce za ta riƙa tsayar da babbar, birkinta ya ƙone. Shi ya sa nake son fitilar da ke gaban direba mai nuna lokacin da fedar baya ta taku; in ta kama alhali ƙafata ba ta kan birki, tsayawa nake yi nan take. Tare da birkin akwai ɗan makunni mai siririyar igiya, wanda in motocin suka rabu igiyar za ta fizge shi birki ya kama. A ɗaura igiyar a jikin babbar motar kanta, ba a kan ƙarfen janwe ba, don in ƙarfen ne ya cire tare za su tafi.

Na biyar wayar fitilu. Fitilar birki da sigina na ƙaramar motar dole su bi na babbar. In za a yi amfani da fitilunta na asali, a sa dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a layin, don kada wuta ta koma ta ƙona kwamfutar ɗaya daga cikin motocin. A cikin wayar nan nake so a ƙara layin caji mai fis. Na'urar birki daga batirin ƙaramar motar take sha, haka ma duk abin da makulli ya bari a kunne. Batir ya mutu a tsakiyar tafiya, birkin ya mutu tare da shi, kuma ba abin da zai sanar da kai.

Wajen haɗawa tsari ɗaya nake bi kullum, kuma in wani ya zo da hira a tsakiya, daga farko nake sakewa. Hannuwa biyu da sakatunsu da kilif, igiyoyin ƙarfe, wayar fitilu, igiyar makunnin birki, sannan fowil a firi, birkin hannu shi ne na ƙarshe da ake saki. Sai wani ya tsaya a baya a gwada birki da sigina dama da hagu. In na tashi, a hankali nake ja har hannuwan biyu su miƙe su kulle. Wani lokaci ɗaya ne ke kullewa, sai an ɗan karkata dama da hagu ɗayan ya shiga. Tafiya da hannu ɗaya a kulle na sa motar lilo. Bayan ɗan gajeren zango nakan tsaya in zagaya, haka kuma duk inda aka huta, in taɓa kowace sakata da hannu, in kai tafin hannu kusa da kowace taya in ji ko akwai zafin da ya fi na sauran. Kyamarar baya a kunne take duk tafiyar, kuma na sa wa tayoyin ƙaramar motar na'urar auna iska da ke ƙara a gabana.

A kan hanya doka ɗaya ce ba ta da togiya: babu ribas. Tayoyin gaban mota an saita su su bi ja ta gaba. Da an tura su baya sai su juye gefe guda, ƙarfen janwe ya lanƙwashe, wani lokaci har da sandunan sitiyari. Don haka kafin in shiga gidan mai sai na ga mafita da idona, kuma famfon da ke gefe nake nema. In na shiga lungu, kwancewa ce kawai mafita, minti biyar ne. A kwana ƙaramar motar takan bi kusan sawun babbar, amma bayan babbar yana fita waje sosai, sai a shiga kwana a buɗe kuma a hankali. A Kalifoniya duk mai ja mil 55 a awa ce iyakarsa. A sauran wurare ma ba na wuce 60 da yawa, kuma tazarar da nake bari ta fi ta kullum nesa ba kusa ba.

Gangara ta fi hawa haɗari. Wanda ya fito daga ramin Eisenhower, hanyar da ta ratsa cikin dutse a kan babban titin I-70 a jihar Kolorado, a tsayin da ya haura ƙafa 11,000, zai tarar da gangara mai kashi 7 cikin ɗari ta miloli da dama zuwa garin Silverthorne. Tun daga sama ake rage gudu a sauko da giya, a danna maɓallin jan kaya da ke jikin sandar giya, inji ya riƙe motar. In gudu ya ƙaru, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a rage kamar mil 10, a saki ya huce. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ke dafa man birki, fedar ta tafi ƙasa ba komai.

Kwancewa kuma a nemi wuri mai shimfiɗa, motocin a layi ɗaya. In suna karkace ko a kan tudu, sakatun sukan cije. Ɗan juya sitiyarin ƙaramar motar ko sakin maɓallin hannuwan yana sassauta su, ba sai an ɗauko guduma ba. Kafin a zare sakata ko ɗaya, a ja birkin hannu. Giyar tana P, amma tunda fowil na firi, P ɗin ba ta riƙe komai, motar za ta gangara da mutum a tsakaninta da babbar. Igiyoyin ƙarfe su ne na ƙarshe da ake cirewa, sannan a mayar da sandar fowil 2H, wato matsayin tafiyar yau da kullum, a tabbatar ta shiga, kafin a saki birkin hannu.