Alhamis a gidan Baffa: hasken da ya riga alfijir

Da asubar yau mun tashi sahur na azumin Alhamis, muna zaune a tsakar gida kusa da dammunan geron da aka shigo da su jiya, sai Auta ya ajiye ludayi ya ce gari ya waye. Muka ɗaga kai gabas, sai ga wani farin haske a tsaye, mai faɗi daga ƙasa, yana hawa yana tsukewa, taurari kuwa suna nan cikinsa ba su dushe ba. Baffa ko motsi bai yi ba daga kan buzunsa. Ya ce wa Auta ya ci gaba da shan furarsa, domin wannan alfijirin ƙarya ne, wanda hadisi ya kwatanta da wutsiyar kyarkeci, ba ya hana mai azumi ci, ba ya kuma halatta sallar asuba. Na gaskiya a kwance yake ketowa, ya bazu dama da hagu.

Ni ma na sa baki da abin da na karanta. Na ce hasken rana ne yake dukan ƙurar da ke warwatse tsakanin duniyoyi, wadda taurari masu wutsiya da duwatsun sararin samaniya suke zubarwa, kuma wani masanin taurari mai suna Cassini ya yi nazarinsa a Faris a 1683. Na ƙara da cewa mun fi mutanen Turai samun ganinsa, tunda a ƙasashen zafi hanyar rana, wadda hasken yake bi, kusan a miƙe take tasowa, balle yanzu da kaka, ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba, wata kuma sabo ne.

Baffa ya bari na kai aya, sannan ya ce, "To ɗana, kai da ka san ƙurar har da sunan Baturen, ka taɓa ganinsa a Kano?" Ban taɓa ba, domin fitilun titi da na shaguna sun cinye sararin birni. Ya ce ladanan yanzu waya suke dubawa, babu mai fita ya dubi gabas. Na kare su, na ce jadawalin da lissafi aka yi shi, daidai lokacin da rana take ƙasa da gefen sama da kimanin digiri 18, kuma ya fi idon mai gyangyaɗi tabbas. Bai musa ba, ya dai ce a cikin jikokinsa babu wanda zai iya raba alfijiran biyu idan cajin wayarsa ya ƙare.

Wannan maganar ce ta hana ni sakat duk yini, saboda ina cikin masu tara kuɗin kafa fitilun sola a garin nan, kuma ina nan a kan bakana, don mata masu zuwa rijiya da duku-duku sun fi buƙatar haske a kan kallon taurari. Amma sandar fitila ɗaya a ƙofar Baffa za a kafa ta, a gabas da gidan kuwa.

Bayan la'asar na je wajen 'yan kwamiti na roƙi a mayar da ita yamma da zaure. Sun yi mini dariya sosai, sannan suka ce a bari sai gobe bayan an sauko daga Juma'a.